Dalilin da ya sa ake raba wa moto wutarsa daban

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, kuma ya shafi wayar da ke hannunka.

Moto, wato ƙaramin injin nan mai juyawa, cikinsa koyil ne, waya ce aka nannaɗe. A 1832 wani malami a Amurka, Joseph Henry, ya rubuta cewa idan wuta na bin doguwar waya ka yanke ta farat ɗaya, sai ta yi tartsatsi a wurin yankewar. Koyil ba ya yarda a tsayar masa da wuta lokaci guda, sai ya maido ta da ƙarfin da ya fi na batirin. Zamanin makunnin hannu tartsatsi ne kawai. Da taransista ta zo, wannan bugun ya koma kashe ta yake yi nan take. Maganin da aka samo shi ne a gitta dayod a kan koyil ɗin, ya ba wutar hanyar zagayawa har ta mutu.

A shekarun 1980 kamfanin SGS na Italiya, wanda ya haɗe da Thomson na Faransa a 1987, yau ake kiransa STMicroelectronics, yana yin wani aisi mai tuƙa moto, L293. Wanda aka ƙara wa D a ƙarshe, L293D, dayod ɗin na cikinsa. Ni a ganina duk darasin yana jikin ƙafafunsa 16. Ƙafa ta 16 tana karɓar volt 5 don ɓangaren da ke jin umarni. Ƙafa ta 8 ta moto ce, tana ɗaukar har volt 36. Me ya sa biyu? Saboda moto idan zai tashi yana zuƙar wuta da yawa, in layi ɗaya suke da ƙwaƙwalwar na'ura sai wutar ta faɗi, na'urar ta mutu ta sake kunna kanta.

Giraun kuma, wato negatif, har ƙafa huɗu aka ba shi: 4, 5, 12 da 13, duk a tsakiya. Su ne hanyar komawar wuta, su ne kuma ke kwashe zafi zuwa jan ƙarfen fanel. Abin lura, fositif aka raba, amma giraun dole a haɗe shi. In ba a haɗa ba, umarnin ba shi da ma'auni, sai moto ya yi ta shirme ko ya ƙi motsi. Ɗaliban da suka fara wasa da Arduino bayan fitowarsa a 2005 a nan suka fi shan wuya.

To, ina waya ta shigo? Girgizarta. Tsofaffin wayoyi moto ne mai ɗan nauyi a gefe guda, taransista ɗaya da dayod sun ishe shi. A 2015 Apple ta saka Taptic Engine a iPhone 6s, wanda ba ya juyawa, kai-komo yake yi, don haka sai da aisi mai juya masa wuta gaba da baya. Kusa da irin wannan aisin za ka ga ƙananan kafasita, su ne rumbun da yake ɗiba kafin batir ya kawo ɗauki. Wasu masu gyara in ɗaya ta yi shot sai su cire su bar gurbin. Wayar za ta tashi, amma an rage mata kariya. In an ce maka an cire, ka ce a mayar da wata.