Gano Aikin Tsohon Filen Zayyana na Katako Mai Baƙuwar Siffa: Shaidar Tafi, Wuƙa da Zaizaya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsalar da masu adana kayan tarihi ke fuskanta idan suka ci karo da tsohon filen zayyana wanda siffarsa ba ta dace da waɗanda aka saba gani ba. An ɗauki misalin filen da tafinsa ke ɗauke da zayyanar a miƙe maimakon a juye. Maƙalar ta nuna cewa tambarin maƙeri da jerin kayan sayarwa ba su isa hujja ba, kuma amsar tana cikin abin da filen yake bari a jikin katako, da kwanciyar wuƙarsa, da wuraren da ya zaizaye.

Gabatarwa

Filen shi ne makankarin da kafinta ke fere katako da shi. Na zayyana kuwa siriri ne, an sassaƙa tafinsa da bakin wuƙarsa a siffa guda, ta yadda duk turawa yana fitar da ado iri ɗaya a gefen ƙofa, taga ko kabad. A Ingila an fi yin sa da itacen bich, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 18 tsawonsa ya daidaita a kan inci 9 da rabi, alhali na farkon ƙarnin sukan kai inci 10 ko fiye. Joseph Moxon ya bayyana kayan aikin kafinta a littafinsa Mechanick Exercises tun ƙarshen shekarun 1670, André-Jacob Roubo ya zana su dalla-dalla a Faransa tsakanin 1769 da 1775, sannan akwatin kayan aikin Benjamin Seaton na 1796, da ke ajiye a Rocesta, ya nuna abin da kafinta guda yake mallaka a zamaninsa. Duk da wannan tarin shaida, har yau ana samun filen da ba ya shiga kowane rukuni.

Inda Tambari Yake Tsayawa

Abu na farko da mai bincike ke dubawa shi ne sunan da aka buga a goshin filen. Ayyukan W. L. Goodman kan maƙeran Birtaniya, da na Emil da Martyl Pollak kan na Amurka, sun sa ana iya danganta tambari da gari da zamani. Ta wannan hanya aka san Francis Nicholson na Rentam a jihar Masacusets, da Cesar Chelor, bawansa da ya sami 'yanci a 1753 bisa wasiyyarsa, wanda ya ci gaba da sana'ar da sunan kansa. Sai dai tambari yana faɗin wanda ya ƙera ne da lokacin da ya ƙera, ba ya faɗin aikin da aka yi da abin. Jerin kayan sayarwa na kamfanoni irin su Mathieson na Gilasgo ma iyakarsa abin da ake kaiwa kasuwa. Filen da aka yi wa mutum guda bisa odarsa, ko wanda kafinta ya sassaƙa wa kansa saboda aiki ɗaya, ba zai taɓa bayyana a ciki ba, kuma irin waɗannan ne suka fi rikita masana.

Karanta Tafi a Juye

Ƙa'idar farko ita ce tafin filen kamar hatimi yake: abin da ke jikinsa akasin abin da zai bari ne. Tafi mai kwarmi yana fitar da tudu, mai tudu yana fitar da kwarmi. Saboda haka idan aka ga filen da tafinsa ya yi kama da kammalalliyar zayyana, abin da zai yanka ba ado ba ne, gurbi ne da wata zayyana za ta zauna a ciki. Aƙalla sana'o'i biyu ke buƙatar wannan. Ta farko ita ce ta masu yin tagogin gilashi, waɗanda ke fere ƙarshen siririn sandan taga domin ya rungumi zayyanar ɗan'uwansa a mahaɗa ba tare da rata ba. Ta biyu ita ce ta maƙeran filen kansu, waɗanda ke da abin da suke kira uwar filen, wadda da ita ake sassaƙa tafin sababbin filen masu yawa a siffa guda. A ido biyun sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane.

Abin da ke raba su shi ne yadda aka yi aiki da su. Na taga yana ratsa ƙarshen katako ne, inda zaren itace ke tsaye, kuma girmansa dole ya dace da kaurin sandan taga da kuma filen da ya fitar da zayyanar tun farko. Idan aka haɗa tafinsu biyu sai su shige juna. Uwar filen kuwa tana bin tsawon zare ne a jikin itacen bich mai tauri, kuma da yake kayan cikin masana'anta ce, ba a yi ta don sayarwa ba. Kwanciyar wuƙa ma shaida ce: digiri 45 shi ne na itace mai taushi, ana ɗaga shi zuwa 50, 55 ko 60 saboda itace mai tauri. Haka nan layukan da akan zana a goshin filen suna nuna karkatar da ake riƙe shi da ita. Wanda ya riƙe shi a tsaye alhali an yi shi don a karkata zai karanta siffar ba daidai ba. Siraran itacen bokis da ake cusawa a tafi kuma suna nuna inda maƙeri ya san gugar za ta fi yawa.

Amsa ga Masu Suka

Ana iya cewa gwada tsohon filen a kan katako ɓarna ce ga kayan tarihi. Wannan suka tana da nauyi, domin wasa tsohuwar wuƙa yana canja bakinta har abada. Amma ba sai an yanka ba: ana danna tafin a kan kakin zuma ko yumɓu mai laushi, a sami siffar da zai fitar ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Suka ta biyu ta fi ƙarfi, wato cewa filen yakan ratsa hannaye da yawa, a sauya masa wuƙa ko a sake sassaƙa tafinsa, har zaizayar ta zama labarin mai shi na ƙarshe kawai. Gaskiya ne, kuma jerin sunayen masu shi da ake gani an buga a goshi, wani kan wani, yana tabbatar da haka. Sai dai gyara yana barin sawu: tambarin maƙeri da sabon sassaƙa ya gutsure, ramin da wuƙa ke fitowa ta cikinsa da ya yi faɗi fiye da kima, wuƙar da bakinta bai bi tafi ba. Waɗannan alamu suna raba aikin farko da na baya, don haka sukar tana ƙara wa hanyar kaifi ne.

Kammalawa

Binciken ya nuna cewa ana gano aikin baƙon filen ne ta bin shaidu a jere: siffar da yake bari, karkatar riƙonsa, kwanciyar wuƙarsa, wuraren zaizaya, sannan tambari a ƙarshe domin sanya shi a gari da zamani. Ya kamata gidajen tarihi su riƙa ajiye hoton goshi da kwafin siffar tafi tare da kowane filen, kuma su guji goge shi da takardar yashi, domin kowace zaizaya da aka share shaida ce da ba za ta dawo ba.