Asalin Arroba: Yadda Ma'aunin Larabawa Ya Shiga Adireshin Imel

Fotugal da Barazil sun bambanta a kan sunayen wasu alamomin kwamfuta, musamman #, wadda mutanen Fotugal suke kira cardinal, mutanen Barazil kuwa cerquilha ko jogo da velha, wato wasan tsohuwa, har kalmar hashtag ta Ingilishi ta zo bayan 2007 ta nemi danne su duka. Amma akwai alama guda wadda Ingilishi bai taɓa iya ƙwace sunanta ba, ita ce @, domin kuwa ko da yake Turawan Ingila suna ce mata at, duk mai jin harshen Fotugal arroba ya sani.

Asalin kalmar Larabci ne, ar-rub'u, rubu'in nan da malamanmu suka sani a babin gado. Musulmi sun shiga Andalus a 711, kuma ko da yake mulkinsu ya ƙare a yankin Algarve na Fotugal a 1249, ma'aunansu sun zauna a kasuwa, har aka ci gaba da kiran rubu'in babban awon nan na quintal da sunan arroba, wanda a Fotugal ya kama arrátel 32, shi ma daga raɗlu na Larabci.

Masana sun yi saɓani a kan mafarin zanen kansa. Wasu sun ce ruhubanawa masu kwafar littattafai ne suka naɗe kalmar Latin ad don taƙaitawa, amma hujjarsu rarrauna ce, domin da ƙyar suke nuna rubutun hannu da zai tabbatar da ita. Wasu kuma sun kafa hujja da wasiƙar wani attajirin Florence, Francesco Lapi, wadda ya rubuta daga Ishbiliya a 1536, inda alamar take nufin tulun awo. Ni dai a ra'ayina, maganar 'yan kasuwa ta fi ƙarfi, kuma haƙƙin fifiko na mutanen Aragon ne, tun da an samu alamar a daftarin Ariza na ƙasar Aragon, na shekarar 1448, a lissafin alkamar da aka shigo da ita daga Kastila, shekara 88 kafin wasiƙar Lapi. Ga shi kuma shi kansa Lapi a ƙasar da ake awo da arroba ya zauna ya yi rubutunsa.

Saboda haka, sa'ad da Ray Tomlinson ya zaɓi alamar a 1971 don raba sunan mutum da na na'urarsa a imel, masu harshen Fotugal ba su bukaci tarjama ba ko kaɗan, domin suna da sunanta tun ƙarnuka. Har yau makiyayin Barazil da arroba yake sayar da sansa, a kan kilo 15, haka ma mai ɓawon itacen kwalaba a yankin Alentejo na Fotugal, kuma da wannan alama suke rubuta farashin a takarda.