Tarihin CentOS da darasin da ke ciki ga ofisoshinmu

Jama'a, makon jiya wani abokina da ke kula da kwamfutocin wata ma'aikata a nan Birnin Kebbi ya kira ni hankali tashe. Sava ɗinsu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan albashi da na kwastomomi, a kan CentOS 7 take tafiya, kuma sai yanzu ya gano cewa tun ranar 30 ga Yunin 2024 aka daina toshe mata kafofin tsaro. Wanda ya kafa musu ita ya daɗe da barin gari. Shi ya sa na ce bari in ba ku tarihin abin, domin na san ba su kaɗai ba ne.

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, ya saki asalin rubutun manhajar a fili: kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Kamfanin Red Hat na Amurka ya gina kasuwancinsa a kai, yana sayar wa bankuna da manyan kamfanoni nasa samfurin, RHEL, tare da alƙawarin kula da shi shekara goma. Tunda lasisin ya wajabta bayyana rubutun, sai wasu 'yan sa-kai suka ɗauka, suka cire tambarin kamfanin, suka fitar da shi kyauta a 2004 da sunan CentOS. Kaya iri ɗaya, ba ko sisi. Jami'o'i da ƙananan kamfanoni da masu ajiye shafukan intanet suka yi caa a kai.

A 2014 Red Hat ya rungumi CentOS, ya ɗauki jagororinsa aiki. A 2019 kuma IBM ya saye Red Hat ɗin kan dala biliyan 34. Ranar 8 ga Disambar 2020 sai ga sanarwa: CentOS 8, da aka ce za a kula da shi har 2029, za a rufe shi a ƙarshen 2021. Mutanen da suka gama ƙaura zuwa kansa da lissafin shekara tara a gaba suka wayi gari da shekara ɗaya tak.

To, a nan ne amfanin buɗaɗɗiyar manhaja ya fito. Cikin 'yan kwanaki Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa CentOS, ya sanar da Rocky Linux, ya sa masa sunan marigayi abokin aikinsa Rocky McGaugh. Kamfanin CloudLinux ya fitar da AlmaLinux a Maris 2021, Rocky ya biyo baya a Yuni. Zuwa ƙarshen 2022 manyan cibiyoyin binciken kimiyya, CERN da Fermilab, sun zaɓi AlmaLinux. Da Red Hat ya ƙara taƙaita hanyar samun rubutun RHEL a Yunin 2023, Oracle da SUSE da CIQ suka haɗa ƙungiyar OpenELA don a ci gaba da samunsa. Wasu kuma suka bar gidan gaba ɗaya, suka koma Debian ko Ubuntu.

Mu ma rigimar manhaja ta taɓa biyowa ta ƙasarmu. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin sanya Linux a ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta a Najeriya, sai aka ji za a goge a sa Windows. Shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, maganar ta zaga duniya. Yau Mandriva ɗin ma babu shi, an rufe shi a 2015.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san wannan lissafi sarai. Wanda ya ajiye irinsa, ko dila ya ƙi zuwa, zai yi shuka. CentOS ya mutu, amma iri yana hannun jama'a, shi ya sa aka sake shukawa cikin wata shida. Sai dai fa iri ba ya shuka kansa. Waɗanda suka tsira lafiya su ne masu ma'aikatan da suka san abin da ke cikin sava ɗinsu.

Don haka idan kana da ofis, ko asibiti, ko ƙungiyar adashi da ke ajiye bayanan mutane, yi tambaya gobe da safe. Wace manhaja ce a kan sava ɗinmu, yaushe wa'adinta zai ƙare? Kalmar sirri tana hannun wa? Ina kwafin bayananmu, kuma an taɓa gwada dawo da shi? Kafin a ƙaura, a gwada komai a wata kwamfutar daban, a ajiye tsohuwar har sai sabuwar ta zauna. Ku tuna, tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma alhakin yana wuyan mai riƙe da bayanan.

Abokin nawa dai ya fara kwafe bayanansa, ya kuma nemi a tura yara biyu horo. Allah ya sa shugabanninsa su sa hannu kafin ɓarna ta auku.