Rahama Sadau da Korar 2016: Tarihin 'Yar Wasa a Lokacin da Kasuwar Fim ta Sauya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun rayuwar wata 'yar wasan fim ta Hausa, watau Rahama Sadau, tun daga ƙuruciyarta a Kaduna har zuwa shekarar 2022. Ba a zaɓe ta don ta fi sauran 'yan wasa gwaninta ba, domin wannan hukunci ne da masu kallo za su daɗe suna jayayya a kansa. An zaɓe ta ne saboda tarihinta ya faɗo daidai kan wata gaɓa da sana'ar fim ta Hausa ta juya. Kafin zamaninta, 'yar wasan da aka kora daga wannan sana'a, sau da yawa ta koru ke nan. Ita kuwa an kore ta a 2016 tana da shekara 22, amma sunanta bai dushe ba. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa dalilin haka yana ga canjin da ya sami kasuwar fim, domin ma'aunin tarbiyya da al'umma take auna 'yar wasa da shi yana nan inda yake.

2.0 Filin da ta Tarar

Kafin a fahimci abin da ya sami Rahama, wajibi ne a san irin gidan da ta shiga. Masana sun dace a kan cewa fim ɗin bidiyo na Hausa na kasuwa ya soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Kafin nan Hausawa sun saba da wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin, irin na su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja. Sun kuma saba da finafinan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suke shigowa da su gidajen silima na Arewa tun wajen shekarun 1950. Daga wannan tushe na biyu ne fim ɗin Hausa ya ɗauko waƙa da rawa tsakanin saurayi da budurwa, musamman bayan karɓuwar da Sangaya ya samu, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a cikinsa. A 1999 ne mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta laƙaba wa sana'ar sunan Kannywood, a shekarar kuma mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa.

A wannan shekara dai aka yi wani abu a Gusau wanda ya shafi sana'ar baki ɗaya. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara, ta kuma fara aiki a Janairun 2000. Jihohin Arewa da dama suka bi sahu, har da Kano. A Disambar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da shirya finafinai, sa'an nan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. Daga cikin ƙa'idojin da suka kafu tun lokacin akwai hana namiji da mace taɓa jikin juna a fim, ko da kuwa miji da mata suke kwaikwaya. Aka kai matsayin da saurayi zai rera wa budurwa baitoci masu zafi na soyayya, su yi ta kewaya itace ɗaya, amma hannu ba zai taɓa hannu ba.

A 2007 wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa ya ƙara tsananta al'amari. An dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, an kori 'yan wasa da dama, kuma a ƙarƙashin shugabancin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim hukumar tacewa ta gurfanar da wasu gaban kotu. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Masu sana'a da yawa suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da Jos. Abin lura a nan shi ne, ko a ina aka ɗauki fim, a Kano ake sayar da shi. Dilolin Ƙofar Wambai da na Bata su ne ke rarraba kaset da faifai zuwa Sakkwato da Gusau da Katsina da Maraɗi, har ya kai ga mai kallo a Tsafe ko Bunguɗu ko Nahuce. Saboda haka wanda Kano ta rufe wa ƙofa ba shi da wata ƙofa. 'Yar wasa a wancan zamani hanya biyu ce a gabanta idan ta yi tuntuɓe: ko ta yi aure ta bar fim, ko a manta da ita.

3.0 Tasowa a Kaduna

An haifi Rahama Ibrahim Sadau a Kaduna ranar 7 ga Disamba 1993, watau shekara uku bayan fitowar Turmin Danya. Wannan ya nuna cewa tana cikin tsaran farko da suka buɗe ido suka ga fim ɗin Hausa a gida, ba su san lokacin da babu shi ba. A Kaduna ta girma, a nan ta yi karatun firamare da sakandare, kuma tun tana makaranta take shiga gasar rawa. Ta kuma shaƙu da finafinan Indiya har ta iya magana da harshen Hindi, abin da daga baya ya yi mata amfani.

Tasowa a Kaduna tana da muhimmanci a wannan tarihi. Kaduna gari ne da Turawa suka kafa don mulki, ya zama hedikwatar Jihar Arewa, ya tara ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga kowace ƙabila. Yaron da ya tashi a can yakan ji Hausa da Turanci da Burokan a unguwa guda. Yawancin 'yan wasan mata da suka gabace ta Hausa kaɗai suke iya wasa da ita, ita kuwa ta shigo sana'ar da harshe fiye da ɗaya. A farko wannan bai zama abin a-zo-a-gani ba, domin fim ɗin Hausa ba ya bukatarsa. Amfaninsa bai bayyana ba sai ranar da aka rufe mata ƙofa.

4.0 Shekaru Uku na Farko

Rahama ta shiga fim a 2013, tana da shekara 19, ta hannun Ali Nuhu, wanda kamfaninsa na FKD ya daɗe yana fito da sababbin fuskoki. Wannan ita ce hanyar da aka saba: babu makarantar koyon wasa da ake bi, sai dai sabon shiga ya raɓi ubangida, ya fara da ƙananan fitowa, har a ga abin da zai iya. Fim ɗin da ya fito da sunanta shi ne Gani Ga Wane. Bayansa ta fito a finafinai irin su Jinin Jikina da Halacci da Ana Wata Ga Wata. A 2014 da 2015 ta sami lambar mujallar City People ta Legas a matsayin gwarzuwar 'yar wasan Kannywood.

Sai dai kasuwar da ta shigo ta riga ta fara rubewa daga ƙasa. Masu satar fasaha suna buga faifai kafin mai fim ya mai da kuɗinsa. Daga baya masu tura finafinai a waya suka bazu a kowace tasha da bakin kasuwa, mutum ya ba da 'yan kuɗi kaɗan a cika masa waya. Rikicin Boko Haram ya toshe kasuwar Arewa maso Gabas. A 2014 tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam, ta jawo masu kallo zuwa wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa. Wayar hannu kuma ta ba 'yan wasa damar yin magana da masoyansu kai tsaye ta Instagram da Twitter, ba tare da sun bi ta hannun dila ko mujalla ba. Rahama tana daga cikin waɗanda suka fara gane ƙarfin wannan hanya.

5.0 Korar 2016

Shekarar 2016 ta zo wa sana'ar fim da zafi. A tsakiyarta Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina alƙaryar fim a Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji ta Jihar Kano, amma malamai da jama'a da yawa suka yi ca a kan shirin har aka janye shi. Masu sana'ar suka ga cewa kallon da ake yi musu na masu ɓata tarbiyya yana nan daram. Cikin wannan yanayi ne wani mawaƙi mai suna ClassiQ ya saki bidiyon waƙarsa I Love You, inda aka ga Rahama tana riƙe hannunsa, suna kuma rungumar juna. A farkon Oktoba Ƙungiyar Masu Shirya Finafinai ta Nijeriya, watau MOPPAN, ta ba da sanarwar korarta daga Kannywood.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, bidiyon na waƙa ne, ba fim ɗin Kannywood ba. Hukuncin ya nuna cewa ƙungiyar tana ɗaukar 'yar wasa a matsayin wakiliyar al'umma a duk inda ta tsaya. Wannan ra'ayi yana da tushe a al'adarmu. Bahaushe bai cika raba ɗan wasa da rigar da ya sa ba, shi ya sa mutane suka fi sanin Rabilu Musa da sunan Ibro, suka fi sanin Usman Baba Pategi da Samanja. Idan abin ya zo ga mace, sai kunya ta shigo ciki, domin abin da ta yi a gaban kyamara ana lissafa shi a kan iyayenta da garinsu da addininta. Na biyu, 'yan'uwanta masu sana'a ne suka yanke hukuncin, ba kotu ba. Ana iya fahimtarsa a matsayin kariyar kai: gara a sadaukar da mutum ɗaya da a sake rufe sana'a kamar yadda aka yi a 2007. Masu suka kuma sun yi nuni da cewa 'yan wasa maza sun sha fitowa a finafinan Kudu suna yin abin da ya kai wannan, ba a kore su ba.

Rahama ta nemi gafara a lokacin, ta sake neman gafara a rubuce a 2017. A farkon 2018 aka ba da sanarwar yafe mata.

6.0 Bayan Kora

Abin da ya faru tsakanin kora da yafewa shi ne jigon wannan tarihi. A watan da aka kore ta tashar EbonyLife ta Legas ta fara nuna Sons of the Caliphate, wasan Turanci a kan siyasa da sarauta a Arewa, inda ta fito a matsayin Binta Kutigi. Labarin korar ya kai kafofin watsa labarai na Ingila da Amurka, har mawaƙi Akon ya gayyace ta Amurka. A 2017 ta fito a finafinan Kudu irin su Ajuwaya da Hakkunde, a shekarar kuma kamfaninta na Sadau Pictures ya fitar da Rariya, fim na Hausa a kan rayuwar 'yan mata a jami'a. A 2018 ta fito a Up North, wanda Tope Oshin ta ba da umarni, aka ɗauke shi a Bauchi, da kuma wasan MTV Shuga. Ta yi karatun digiri a jami'ar Eastern Mediterranean da ke Arewacin Sayifurus. A 2022 ta fito a fim ɗin Indiya Khuda Haafiz kashi na biyu, tare da Vidyut Jammwal. Yarinyar da ta koyi Hindi a gaban talabijin a Kaduna ta shiga cikin irin fim ɗin da ta taso tana kallo.

Kada a ɗauka cewa wannan nasara ta sauke mata nauyin al'umma. A Nuwambar 2020 ta sanya wasu hotuna a intanet tana sanye da rigar da ta bar bayanta a waje. A ƙarƙashin hotunan wani ya rubuta kalmar ɓatanci ga Annabi (SAW), ƙura ta tashi, ta goge hotunan, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara, ta kuma barranta daga abin da aka rubuta. Wayar da ta 'yantar da ita daga dilolin Ƙofar Wambai ita ce ta miƙa ta ga alƙalai dubbai waɗanda ba su da ofis, ba su da lokacin tashi daga aiki.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa tsakanin 1990 da wajen 2013 ikon hukunta ɗan wasa yana hannun wanda ya riƙe kasuwar Kano, domin kasuwar ɗaya ce. Mun kuma ga cewa lokacin da aka kori Rahama Sadau kasuwar ta rarrabu zuwa tauraron ɗan'adam da silimun Legas da intanet, ita kuma tana da harsunan shiga kowacce. Saboda haka kora ta rage kaifi, ko da yake ra'ayin jama'a game da mutuncin 'ya mace bai sauya ba.

Wannan ya bar wa masu nazarin Hausa tambaya mai nauyi. Al'umma tana da haƙƙin ta ce ga abin da take so a nuna wa 'ya'yanta, kuma babu mai hankalin da zai musa haka. Amma idan kora ita ce babban makaminta, to, wadda take da Turanci za ta tafi Legas da gwanintarta, wadda Hausa kaɗai take da ita kuwa za ta koma gida a manta da ita. A duka biyun harshen Hausa ne ya yi hasarar 'yar wasa. Yana da kyau sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu, tun daga Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo har zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau, su tattara tarihin 'yan wasan mata da suka bar sana'ar tun daga 1990, a ji daga bakinsu dalilin tafiyarsu, tun suna raye.