Yadda taswirar zamani ke taimaka wa Dar es Salaam wajen yaƙi da ambaliya

Dar es Salaam shi ne birni mafi girma a ƙasar Tanzaniya, kuma ƙidayar da aka yi a shekarar 2022 ta nuna cewa mazauna lardin sun haura miliyan 5.

Kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan mutane dai suna zaune ne a unguwannin da aka gina ba bisa tsari ba, inda gidaje suka riga hanyoyi da magudanan ruwa zuwa.

Duk lokacin da damina ta kankama, kogin Msimbazi da ya ratsa birnin kan cika ya batse. Ambaliyar watan Disambar 2011 ta halaka mutane da dama, ta kuma raba dubbai da muhallansu.

Matsalar rashin taswira

Babban abin da ya ci wa hukumomi tuwo a ƙwarya shi ne, birnin na bunƙasa cikin saurin da tsofaffin taswirorinsa suka kasa bi. Unguwa mai dubban gidaje kan bayyana a takarda tamkar fili.

Injiniyan da bai san inda ruwa ke bi ba kuwa, ba zai iya sanin inda ya kamata a gina kwalbati ba, balle ya san girmansa.

Wannan ne ya sa a shekarar 2015 aka ƙaddamar da shirin Ramani Huria, wato buɗaɗɗiyar taswira a harshen Swahili, tare da tallafin Bankin Duniya da kuma ƙungiyar masu zana taswira don ayyukan jin ƙai da ake kira HOT.

Yadda aikin ya gudana

An horar da ɗaliban Jami'ar Ardhi da Jami'ar Dar es Salaam, aka haɗa su da mazauna unguwanni, waɗanda suka san lungu da saƙon yankunansu.

Da farko akan ɗauki hotunan unguwa daga sama, ta hanyar tauraron ɗan Adam ko ƙananan jirage marasa matuƙa. Daga nan sai a zana kowane gini da kowace hanya a kwamfuta.

Bayan haka ɗaliban kan bi unguwar da ƙafa, riƙe da wayoyin salula. Sukan auna faɗi da zurfin magudanai, su rubuta inda shara ta toshe su, su kuma tambayi magidanta iyakar inda ruwa ya kai a shekarun baya.

Ana ɗora bayanan ne a OpenStreetMap, wata taswirar intanet da aka ƙirƙiro a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya dubawa ko ƙara mata bayani kyauta. A zagayen farko an zana gundumomi 21 da suka fi fama da ambaliya.

Amfanin bayanan

Idan aka haɗa taswirar gidaje da ta tudu da kwarin ƙasa da kuma alƙaluman ruwan sama, kwamfuta na iya nuna inda ruwa zai kwanta da yawan gidajen da zai shafa.

Hakan na ba mahukunta damar sanin magudanar da za a fara yashewa, da wuraren da bai kamata a kafa makaranta ko asibiti ba.

Darasin ya fito fili a Jangwani, inda aka gina ma'ajiyar motocin safa na birnin a cikin kwarin kogin, ambaliya kuma ta sha dakatar da zirga-zirga a kan titin Morogoro.

A shekarar 2018 jami'an gwamnati da masana da wakilan unguwanni sun zauna sun fitar da tsarin gyara kwarin Msimbazi. A 2022 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 domin aikin, wanda ya ƙunshi yashe kogin da sake gina gadar Jangwani.

Iyakar abin da taswira ke yi

Sai dai taswira ba ta kwashe shara, kuma takan tsufa da wuri a birnin da ake gine-gine kullum.

Haka kuma sanya unguwa cikin jerin wurare masu haɗari na nufin wasu za su tashi. Tsarin Msimbazi ya tanadi sauya wa mazauna ƙasan kwarin matsuguni, abin da ya sa batun diyya ya zama wanda jama'a suka fi sa wa ido.

Duk da haka wasu birane sun bi sahu. A 2018 Bankin Duniya ya soma irin wannan aiki a biranen Afirka da dama, ciki har da Accra a Ghana da Ngaoundere a Kamaru.