Yadda kwamfuta ta koyi barci da farkawa da kanta

A makarantunmu da suka samu ƴan kwamfutoci, doka ɗaya muke koya wa yara: in ka gama aiki, ka kashe. Amma tsakanin kunnawa da kashewa akwai wasu matakai, kuma ina ganin ya kamata malamai da iyaye su san tarihinsu, don rashin saninsu yana cinye kuran, yana kuma ɓatar da aikin ɗalibi.

Kafin na'ura ta farka da kanta, sai ta san lokaci. A shekarar 1984 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar PC/AT ɗauke da ƙaramin agogo mai batir nasa, wanda ke tafiya ko an cire waya daga bango. Agogon yana da ƙararrawa, kuma ita ce daga baya aka yi amfani da ita wajen tada kwamfuta a sa'ar da aka zaɓa.

Barcin kuwa buƙatu biyu ne suka kawo shi: batirin kwamfutar hannu da ba ya jimawa, da kwamfutocin ofis da ke kwana a kunne babu mai aiki da su. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara shirin Energy Star don ƙarfafa na'urori masu tsimin wuta. A shekarar nan kuma Intel da Microsoft suka fito da tsarin APM. A ƙarshen 1996 su biyun tare da Toshiba suka kawo ACPI, wanda ya miƙa ragamar wuta ga babbar manhajar kwamfuta, ya kuma jera matakai daga S0, wato cikakken aiki, zuwa S5, wato kashewa.

Biyu daga cikinsu suka fi shafarmu. A mataki na S3 kwamfuta tana gyangyaɗi ne: aikinka yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda sai da ƴar wuta take riƙe abu. In kuran ya ɗauke kuma babu batir, duk abin da ba a adana ba ya tafi. A S4 kuwa tana kwashe komai ta rubuta a faifan ajiya, sannan ta mutu. Ni ina kiransa barcin gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka da rani ta jira damina. A Windows mai Faransanci sunansa "veille prolongée", kuma tun daga Windows 2000 ya zama cikin manhajar kanta. Windows Vista ta haɗa biyun: tana gyangyaɗi, amma ta riga ta ajiye kwafi a faifai.

Waɗanda suka tsara wannan tsimi suke nema, a ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Mu a nan kariya ce. A ɗakin kwamfutar lakkwal mai aiki da hasken rana, ana iya sa na'urori su shiga barcin gaiwa bayan minti 20 ba a taɓa su ba, sannan a yi amfani da "Planificateur de tâches" a tada su kafin shigar aji. Batir ya huta da dare, darasi kuma ba ya ƙarewa wajen jiran kunnawa.

Sharaɗi biyu ne kawai. Kwamfutar tebur ba ta farkawa in babu wuta a soket a wannan sa'ar. Kuma ƙaramin batirin agogon, mai kama da sulalla, wanda ake kira CR2032, yana ƙarewa bayan wasu shekaru. Tsofaffin kwamfutocin da ake ba makarantu kyauta sukan zo da shi a mace. In kun ga kwanan wata yana komawa baya duk safiya, ku fara canza shi kafin ku tsara komai.