Baƙin Man Sintetik: Daga Sanyin Rasha Zuwa Shagon Mai

Galan biyu ne a kan kanta, kamanninsu ɗaya, amma wanda ake kira sintetik ya fi ɗan'uwansa tsada nesa ba kusa ba. Kafin mu ce cuta ce, bari mu bi sawunsa.

Baƙin man da muka saba da shi daga ɗanyen mai ake tace shi. Matata kuwa rarrabewa take yi, ba ƙira ba. Shi ya sa ƙwayoyinsa ba girmansu ɗaya ba, ga ragowar kaki da farar wuta a ciki. In sanyi ya tsananta, kakin ya sa shi daskarewa kamar man shanu da hunturu. In zafi ya yi yawa, ƙananan ƙwayoyin su bi iska, sauran ya koma laka mai toshe hanyoyin inji.

Jamus ce ta fara jin jiki. Tana da kwal jibge, amma man da ke ƙasarta bai taka kara ya karya ba. A 1925 Franz Fischer da Hans Tropsch suka fito da dabarar mayar da kwal ruwan mai. Daga shekarun 1930 kuma Hermann Zorn na kamfanin IG Farben ya duƙufa kan wani rukunin sinadarai da ake kira esta, aka gwada sama da iri 3,500, ana neman man da za a ƙera ƙwayoyinsa daidai wa daida.

Sai ga hunturun 1941. Sojojin Hitila sun isa bakin Mosko, mai ya sandare a cikin tankokin yaƙi da manyan motoci, har sai an hura wuta a ƙarƙashin inji kafin ya tashi. Abin da ake gani kamar wasan masana a ɗakin gwaji ya zama batun rai da mutuwa.

Bayan yaƙi, jiragen jet ne suka riƙe wannan mai, domin injinsu na haɗa zafin da ke ƙona man gargajiya da sanyin sararin sama. Saukowarsa kan titi ta ɗau lokaci. Wani matuƙin jirgin yaƙi Ba'amurke, Albert Amatuzio, ya ga abin da man ke yi wa jirgi, ya ce me zai hana mota? A 1972 man kamfaninsa na Amsoil ya zama sintetik na farko da ya cika ƙa'idar Cibiyar Man Fetur ta Amurka. Mobil 1 ya biyo baya a 1974.

Amma a nan gizo ke saƙa. A 1999 Mobil ta kai ƙorafin Castrol gaban masu sa ido kan tallace-tallace a Amurka, cewa man Syntec daga ɗanyen mai ya fito, sarrafa shi kawai aka yi da iskar haidirojin cikin matsanancin zafi da matsi. Aka ba Castrol gaskiya. Tun daga ranar kalmar ta faɗaɗa, kuma da yawa daga galan ɗin da ke ɗauke da ita yau irin wannan ne. A ganinmu mai ne mai kyau, ya fi na gargajiya, sai dai sunan ya daina faɗin asali.

Mu a nan ba ƙanƙara ce damuwarmu ba. Zafin watan Afirilu ne, da cunkoson Kano inda inji ke tafasa a tsaye. Nan ma sintetik ya yi zarra: ba ya saurin tsinkewa, ba ya saurin tara laka, yana kuma jure tazara mai tsawo tsakanin juye da juye. Abin da Zorn bai yi wa magani ba shi ne ƙura. In matacin iska ya huje, ƙurar hunturu za ta shiga mai, ta riƙa cin ƙarfe, ko da nawa aka sayi galan ɗin.